Abin da Ban Koya wa Baffa Ba

Lokacin da aka yanke mu daga Kano aka ce ga jiharmu, ina cikin ƙananan ma'aikatan da aka loda a mota tare da kabad da tulin fayil aka nufo Dutse da mu. Ban fi shekara biyu da kama aiki ba. Ofishin da aka ba sashenmu wani dogon ɗaki ne da a da ake ajiye takin zamani a ciki, har muka bar shi warin bai gama fita ba. A nan aka jera tebura shida, kowanne da tafireta a kai. Can ƙurya kusa da taga kuma teburin shugabanmu yake, babban mai buga tafireta na ma'aikatar. Shi ne mutumin da daga baya ya zama surukina, kuma labarinsa nake son bayarwa, ko da yake rabin labarin laifina ne.

Bafulatani ne na wajen Kiyawa, dogo, siriri, ba ya son yawan magana. 'Yan'uwansa duk suna bin shanu, shi kaɗai boko ta ɗauke. 'Ya'yansa Baffa suke ce masa, mu ma a ofis muka ɗauka. Idan ya zauna a gaban tafireta ba ya duban yatsunsa, idonsa na kan rubutun da aka ba shi. Yakan haɗa takarda biyar da kabon a tsakani, ya buga su gaba ɗaya, ta biyar ɗin ta fito raɗau kamar ta farko. Tun daga bakin titi kana iya gane ƙarar tafiretarsa a cikin shidan nan.

Yana da wata hanya ta gyara mana aiki. Ban taɓa jin ya ce wa wani ka yi kuskure ba. Idan ka kai masa abin da ka buga, sai ya karanta, ya ɗauki fensir ya sa ɗan ɗigo a gefen layin da matsalar take, ya miƙo maka ba tare da ya ɗago kai ba. Kai za ka je ka nemo kuskurenka da kanka. A shekarata ta farko takarduna kan dawo da ɗigo har ba ka ganin gefensu, amma ban taɓa jin an wulaƙanta ni ba.

A wancan zamani albashin mai tafireta yana da matakai, kuma sauri ne ke hawa da mutum. Akan yi jarrabawa a ƙidaya kalmomin da kake bugawa a minti ɗaya, in sun ƙaru a ɗaga ka. Sai dai matakan kaɗan ne, Baffa kuwa ya daɗe da kaiwa na ƙarshe tun muna Kano. Ba inda za a ƙara kai shi. Albashinsa ba ya motsi sai ranar da gwamnati ta yi wa kowa ƙari, kasuwa kuma takan riga mu jin labarin ƙarin. Abin da a da yake sayen buhun gero da na shinkafa har a yi wa yara ɗinki, cikin 'yan shekaru ya koma na gero kaɗai, daga baya geron ma sai da dabara. Duk shekara in damina ta kusa, sai ka ji ya je Kiyawa ya dawo shiru. Mun san saniya ɗaya ta sake tafiya daga cikin 'yan shanun da ya gada.

A shekara ta uku da zuwanmu Dutse na auri 'yarsa ta fari. Ni na gani na ce ina so, ita ma ta ce ta yarda, shi kuwa ya tura ni wurin ƙaninsa, bai sa baki ba ko sau ɗaya. Amma daga ranar da aka ɗaura aure ofis ya canza mini. Da safe sai na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Ba na duban idonsa. Ba na cin abinci a gabansa, in mai ƙosai ta shigo sai in tuna ina da saƙo a wani ofis, abokan aiki suna dariya suna cewa ango ya tsere. Na janye teburina zuwa bakin ƙofa, iyakar nisan da ɗakin zai iya ba ni. Shi ma ya daina kiran sunana, na koma Malam. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ya daina sa mini ɗigo. Na ɗauka na ƙware ne, har na fara jin kaina. Sai wata rana na dawo daga sallar azahar da wuri na tarar da shi yana sake buga wata wasiƙa da na kai masa da safe. Ashe in ya ga kuskurena sai ya sake aikin da kansa, ya yaga nawa. Na koma da baya a hankali kamar ban gani ba, kuma a raina na ce wato haka surukai ke gyara wa juna.

Ana nan sai kwamfuta ta zo. Guda biyu aka kawo, aka ware musu ɗaki, aka shimfiɗa kafet, aka sa na'urar sanyaya ɗaki, abin da mu mutane ba a taɓa yi mana ba. Aka ce a ba da sunan mutum ɗaya da za a tura Kano kwas na wata shida. Baffa aka tambaya, a matsayinsa na shugaba. Wasu sun ce ya rubuta kansa, ya ce shi ba zai zauna a aji da sa'o'in 'ya'yansa ba, a tura mai jini a jika. Ya rubuta sunana. Ni kuma ban yi ko tayin ƙi ba, na karɓa hannu biyu.

Da na dawo da takardar shaida aka cire ni daga sahun masu tafireta aka mai da ni ma'aikacin kwamfuta. Mu ne 'yan gata a lokacin. A duk ma'aikatun Dutse waɗanda suka iya kunna kwamfuta ba su da yawa, har aron mu ake yi. Ga ƙarin girma, ga alawus, ga kuɗin bayan aiki. Kafin shekara uku albashina ya wuce na mutumin da ya koya mini inda ake ɗora yatsu, mutumin da ya fara aiki ina cikin zanin goyo. Wasiƙar ƙarin girman da ta tsallakar da ni kansa ma shi ya buga ta, don a lokacin irin waɗannan wasiƙu ta hannunsa suke bi. Ya aiko mini da ita ta hannun masinja. Da na je na durƙusa na yi godiya, ya ce, “Allah ya sa albarka, Malam,” ya ci gaba da aikinsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kuɗin. Na sayi babur. Sai dai kullum a bayan ofis nake ajiye shi, don shi a kan keke yake zuwa.

Sojoji suka tafi, farar hula suka zo, ba a daɗe ba aka ƙaddamar da shari'a. Gari ya cika da wa'azi, a masallaci da rediyo da bakin kasuwa, maganar gaskiya da amana ake ta yi. A wannan tsakanin ne aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, sannan wata takardar umarni ta biyo baya daga ofishin da ke kula da ma'aikata. Ta ce an daina ɗaukar masu tafireta. Waɗanda ke nan za a yi musu jarrabawar kwamfuta, wanda ya ci a mai da shi sahunmu a ɗaga masa mataki, wanda ya faɗi ya zauna inda yake har ya yi ritaya. Baffa saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya. Fansho kuwa da albashin ƙarshe ake lissafa shi. Wato abin da zai ci har ƙarshen ransa, shi da iyalinsa da ƙananan yara huɗu da ke makaranta, ya rataya a kan jarrabawar yini ɗaya.

Bai tambaye ni ba, ba zai iya ba. Matata ce ta dawo daga gidansu ta ce, “Inna ta ce Baffa yana tambaya ko akwai lokacin da ɗakin kwamfuta ba kowa.”

Haka muka fara, bayan an tashi daga aiki, tsakanin la'asar da magariba, wata uku cur. Shi yana zaune, ni ina tsaye a bayansa, don ba zan ja kujera in zauna kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Yatsunsa sun san inda kowane harafi yake, wannan ba sai an koya masa ba. Matsalar ita ce hannun ya saba da ƙarfe. Yakan daki maɓalli kamar zai huda takarda biyar, har teburin yana rawa. Duk ƙarshen layi sai hannunsa na hagu ya tashi sama neman sandar da ake turawa a dawo da layi, ya kama iska, ya dawo. Ni kuwa bakina ba ya iya furta ku daina kaza. Sai in juya ga bango in ce, “Wasu dai sukan bar ta ta sauko layi da kanta.” In ya ji ya ɗauka, to. In bai ji ba, in yi shiru.

Ranar farko na nuna masa yadda ake adana aiki, abin da muke cewa sebin. Na miƙa hannu ta gefensa na danna, na ce, “Nan ake dannawa, Baffa, don aiki ya zauna.”

Ya dubi gilashin kwamfutar, ya nuna rubutun da ɗan yatsa. “Ai ga shi nan a zaune, Malam.”

“Haka ne, Baffa,” na ce.

Wannan haka ne ɗin ita ce ta cuce shi. Mutum ya shekara talatin yana ganin duk abin da ya buga yana nan a kan takarda, ko gobara aka yi sai ta bar toka. Ta ina zai san cewa abin da ke cikin gilashin nan bai zauna ko'ina ba? Ni na sani, kuma aikina ke nan in faɗa masa. Maimakon haka, in an kira magariba ya tashi ya tafi alwala, sai in zauna in gyara layukan da ya karya, in adana, in kashe. Washegari kafin ya shigo na buɗe masa, ya tarar da aikinsa tsaf. Har yakan ce wannan na'ura tana da amana. Ɗakinmu kuma yana da akwatin batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, saboda haka bai taɓa ganin aiki ya ɓace a gabansa ba. Abin da ya yi mini da tafireta shi nake rama masa da kwamfuta, ina jin kaina ɗa mai ladabi.

Matata ta fi ni hankali. Saura mako biyu jarrabawa ta tambaye ni ko ya iya. Na ce a duk Dutse ba wanda zai kamo saurinsa.

“Ba sauri na tambaye ka ba,” ta ce. “In akwai abin da kake jin nauyin faɗa masa, faɗa mini in faɗa wa Inna, ita ta san yadda za ta yi.”

Na ce ta bari, gobe zan yi masa bayani da kaina. Raina ne ya ɗan ɓaci, wai a ce sai an bi ta hannun mata kafin in koyar da abin da na yi kwas a kansa. Goben ta zo na tsaya a bayansa, na buɗe baki, na ga furfurar da ke ƙeyarsa, na rufe. Ranar Juma'a ina sahun gaba a masallaci ina gyaɗa kai ana maganar faɗin gaskiya ko a gaban wa. Ranar Litinin na sake adana masa aikinsa a ɓoye.

An yi jarrabawar a wani babban aji da safe, lokacin bazara. An tattaro kwamfutoci daga ma'aikatu daban-daban an jera, ba batir ko ɗaya, wutar gari kawai, sai wani janareta da aka ajiye a waje. Ni da wasu mutum biyu aka kira mu haɗa wayoyi mu tsaya ko wata na'ura za ta ba da matsala. Kowa aka ba shi ɗan faifai mai lambarsa. Jami'in da ke kula da jarrabawar ya yi bayani da Turanci, da sauri, cewa faifan kawai za a karɓa, kowa ya adana aikinsa a kai. Na dubi Baffa, yana goge tabaransa da bakin riga.

Shafi biyu aka ba su. Da aka ce a fara, ƙarar yatsunsa ta danne ta kowa. Mutane suna tsinto harafi ɗaya-ɗaya, shi kuwa ko rabin lokaci ba a ci ba ya gama. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya gyara zama, ya haɗa hannuwansa a kan cinya. Jira yake a zo a karɓi aiki, kamar yadda ya saba. Faifan yana ajiye a gefe, ko sa shi a ciki bai yi ba.

Ina tsaye layi uku a bayansa, ina ganin komai. An hana mu magana, gaskiya ne, amma ba dokar ce ta hana ni ba. Abokan aikina biyu suna ta zagawa suna raɗa wa mutanensu, jami'in ya kau da kai. Taku shida ne tsakanina da shi. Abin da ya riƙe ƙafata shi ne yadda zan sunkuya a gaban mutum arba'in, yawancinsu shi ya koya musu aiki, in nuna wa surukina abin da bai yi ba. Na ce bari jami'in ya juya. Ya juya, na ce bari wancan ya wuce. Ina cikin bari bari na ji fankar sama ta fara sassautawa.

Gilasai duka suka yi baƙi. Aji ya ɗauki salati. Aka ruga wurin janareta, ya ƙi tashi, ana ta ja har lokaci ya cika. Jami'in ya ce kowa ya kawo faifansa da abin da ya samu ya adana. Wasu rabin shafi ne a kai, wasu layi goma. Baffa ya daɗe yana kallon baƙin gilashin. Ya ɗora tafin hannunsa a saman na'urar, wurin da takarda take fitowa in tafireta ce. Sannan ya juyo ya dube ni. Rabon da idonmu ya haɗu tun kafin aurena.

“Malam, ina aikin?”

“Ya tafi, Baffa.”

“Ina ya tafi?”

Ya ɗauki faifan da ba komai a kai ya kai wa jami'in da hannu biyu, ya fita ya hau kekensa.

An ce za a sake wata jarrabawar, aka yi ta ɗagawa, ba a yi ba sai bayan ya bar aiki. Ya yi ritaya a kan matakin da ya shekara goma sha wani abu a kai, ya koma Kiyawa da fanshon da ba ya kai shi tsakiyar wata. Sauran shanun suka bi 'yan'uwansu ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikin yaran suka dawo gidana, shi ma ta bakin Inna aka nemi alfarmar, kuma na san abin da hakan ya ci masa a rai. Ni ma gatan bai daɗe ba. Cikin 'yan shekaru kowane lungu na Dutse ya samu shagon buga takardu, makarantun kwamfuta suka yi ta yaye yara, alawus ɗinmu aka soke shi, aka daina aron mu. Na tsaya cik a mataki ɗaya ina kallon masu sababbin takardu suna wuce ni, har na fara gane irin shirun da Baffa yake yi. Wannan bai dame ni sosai ba, ina ganin hakkinsa ne.

Ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da sakamako ya fito. Kwamitin jarrabawa ya aiko da sunayen waɗanda suka ci a rubuce da hannu, aka ce ma'aikatarmu ta buga a rarraba a manna. Kwana uku ke nan ba wuta a unguwar, batirinmu ya mutu, ba man janareta. An riga an kwashe tafiretoci an kai sito, tasa kaɗai ta rage a kan tebur don ba wanda ya iya ce masa ya bayar. Masinja ya zagaya ya zagaya, ya kawo masa takardar.

Ya karanta ta sau ɗaya. Ya haɗa takarda biyar da kabon, ya ɗaura, ya fara. Ina bakin ƙofa ina jin kowane suna yana sauka, sunayen yaran da ya yi wa ɗigo shekara da shekaru, har da wanda ya yi layi goma. Bai tsaya ba, bai rage sauri ba. Da ya gama ya zare, ya daidaita gefen takardun a kan tebur, ya ce, “Malam.”

Na zo na durƙusa. Ya miƙo mini ta saman, sannan ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko guntun fensirinsa ya ɗora a kai.

“Duba mini,” ya ce. “In ka ga kuskure, ɗigo kawai za ka sa a gefe, ni zan nemo shi da kaina. Ba sai ka yi magana ba.”

Na karɓa. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake karantawa, ina fatan in sami ko harafi ɗaya da ya karkace don in yi amfani da fensirin nan ko sau ɗaya a rayuwata. Babu. Na mayar masa da takardar, na ce, “Ba kuskure, Baffa.”

Ya ce to, ya kira masinja ya ba shi. Fensirin bai karɓa ba, ni ma ban iya miƙa masa ba.